Fankokin Famfon Ruga

Da sunan Allah nake ɗaukar biron nan, kuma da taimakonsa nake fatan in kai ƙarshe ban tsallake komai ba. 'Ya'yana, labarin makaranta da na aikin gwamnati na ba ku har kun ƙoshi, na sani, don ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai kan waya da zarar na ce "a zamaninmu". Wannan kuwa ban taɓa ba ku shi da baki ba, bakin ba zai ɗauka ba. Labarin shekarar da Baffanku ya tashi da shanu daga rugarmu ta bayan Kiyawa ne. Kowannenku da abin da ya ji a kai, wani daga Goggonku, wani daga mutanen ruga idan an je sallah. Ku ajiye wannan tukuna ku ji nawa.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Aka tura ni boko, aka bar wa yayana sanda. Ku kuna ce masa Baffa, ni Hamma nake ce masa, kuma haka zan riƙa rubutawa. Na yi shekara talatin da biyar ina gyaran famfo a ma'aikatar ruwa, na yi ritaya na zauna a gidan nan na unguwar Takur a Dutse. Mutane suna ce mini Injiniya, alhali ba ni da takardar, ban kuwa taɓa hana su ba, don yana yi mini daɗi. Babban yayanku kuwa, da aka yaye shi Hamma aka miƙa wa, kamar yadda ake yi da ɗan fari a gidanmu. A ruga ya yi wayo, a bayan Hamma ya koyi tafiya, sai da ya isa shiga makaranta aka dawo mana da shi. Ba na faɗin sunansa, ko a takarda hannuna ba ya rubutawa. Ba ma zama mu yi hira, idan ya shigo gaisuwa in amsa ina kallon bango. In akwai magana, ƙanwata Dije, Goggonku, wadda ta dawo gidan nan bayan rasuwar mijinta, ita ke ɗauka ta kai ta kawo. Kuna dariya kuna cewa ƙauyanci ne. Ku yi ta yi, mu dai haka muka tarar ana yi.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Tafkuna sun ƙafe tun da wuri, rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye sun ja baya har masu su sun fara hana shanu. Abin da ya riƙe rugar shi ne rijiyar burtsatse guda ɗaya da wata ƙungiya ta haƙa shekarun baya, ta sa mata famfo mai aiki da hasken rana da tanki da kwami, sannan ta tattara ta tafi. Wata Litinin da hantsi sai ga Hamma a ƙofar gidana, ya sauko daga a-daidaita-sahu yana dafa gwiwa. Na san ba lafiya ba, don mutumin nan ba ya shigowa Dutse sai da dalili. Aka kawo masa ruwa, ya riƙe kofin yana kallo bai sha ba.

"Famfo ya mutu," in ji shi. "Yana kuka, ba ya kawo komai. Kwana huɗu ke nan muna sayen ruwa a kura muna ba 'yan maruƙa."

Na ce, "Za a duba, Hamma."

"A duba da wuri. Gidaje shida sun shirya, Asabar ta sama za su yi kudu. In babu ruwa, da ni za a tafi. Ba a bin hanyar nan mutum ɗaya yanzu, kai ma ka sani."

Mutumin da ya haura saba'in, mai ciwon gwiwa da tarin da ba ya sakinsa, shi ne zai bi garke zuwa ƙasar da ban san kowa ba. Na san in ya tafi ba lallai in sake ganinsa ba. Daga ranar nan abinci ya daina yi mini ɗanɗano, ina salla ina lissafin kwanaki, Allah ya gafarta mini. Kwana goma sha biyu ke gare ni.

Washegari na je muka zaro famfon. Irin wanda ake zurawa can cikin rijiya ne, dogo kamar taɓarya. A cikinsa akwai 'yan fankoki bakwai na roba, a jere a jikin ƙarfe ɗaya, kowace da fikafikai masu lanƙwasa, ita ke cilla ruwa ga ta samanta har ya hau tanki. Yashi ya cinye su. Shida sun zama gari, ɗaya ce ta rage da siffarta, ita ma murfinta ya ɓalle, fikafikan suna waje. Na yi kwana biyu a Kano ina shiga shago ina fita, kowa ya ji sunan famfon sai ya girgiza kai ya ce an daina kawo irinsa. Sabon famfo kuwa ba ya tafiya da na'urar solar da ke wurin, sai an sake komai daga tushe, abin da ba zai yiwu a kwanakin da suka rage ba. Na dawo gida ƙafafuna sun kumbura, na zauna a zaure ina huci. Dije ce ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu.

"Kai dai Yaya da taurin kai! Ka je Kano neman abin da ake yi a Dutse. Ɗan Goggo ba roba yake bugawa ba?"

Haka take kiran yayanku. Na san yana da shago a hanyar jami'a, na san yana da wani inji da ke narka zaren roba yana gina abu da shi kaɗan-kaɗan, amma a wurina wasan yara ne, maƙalin makulli da 'yan gidajen samfur na ɗalibai. Na ce mata famfo ba abin wasa ba ne. Ta ce to in zauna in yi ta hucin, Asabar tana nan tafe. Kafin la'asar Dije ta je ta dawo da amsa: zai iya, akwai naɗin zare guda mai ƙarfi da ya sayo daga Legas wanda ba ya jin ruwa, zai isa fanka bakwai daidai. Amma yana so a kawo masa tsohuwar fankar, ko a bar shi ya je ya gani da idonsa.

Kawowa dai ba ta yiwu ba. Shekara biyu kafin nan wani makanike ya taɓa kwance wani abu a jikin solar ya ce zai kai gyara, har yau ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Tun daga lokacin Arɗon rugar ya rantse ko ƙusa ba za ta sake barin rugar ba, ko da ɗan gida ne ya zo ɗauka. Zuwan yayanku kuwa ni na hana. Na ce wa Dije ta gaya masa ya zauna a shagonsa, zan kawo masa awo. Shekara talatin da biyar ina kwance famfo, sai yaron da na haifa ne zai je ya duba mini aiki a gaban mutanen ruga? Wannan shi ne abin da ke raina, ba zan yi masa kwalliya ba.

Ran Juma'a da safe na koma da ma'aunina na ƙarfe da kwali fari. Na auna faɗi, na auna kauri, na auna ramin tsakiya, sau uku-uku, na rubuta. Lanƙwasar fikafikan kuwa ba ta aunuwa da ma'auni, sai na yi abin da muka saba a wurin aiki in za mu yanka gaskit, wato kwalin nan da ake sa wa tsakanin ƙarfe biyu don kada ruwa ya yi yoyo. Shafa wa ƙarfen baƙin mai ake yi, a kifa shi a kan kwali a danna, siffar ta fito sak, a bi da almakashi. Na shafa wa fikafikan baƙin mai, na kifa fankar, na danna da tafin hannu. Kai, zanen ya fito tsaf, har Hamma ya leƙo ya ce aikin boko daban ne. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, duk abin da aka kifa aka buga a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. A gaskit wannan ba komai ba ne, in bai zauna ba sai ka birkice kwalin. Sau dubu na yi haka bai taɓa cutar da ni ba.

Ranar Asabar na shiga shagon yayanku karo na farko a rayuwata, Dije na gaba ina biye. Ya miƙe da sauri, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ba ni kujerarsa, shi ya koma kan benci ya ja kwamfutar gabansa yadda zan iya gani. Akwai wasu mutum biyu da suka zo karɓar aiki, suka ce, "Injiniya da kansa? Barka da zuwa," suka fasa tafiya suka tsaya kallo. Ya ɗauki hoton kwalin da waya, ya shigar da shi cikin wata manhajar zane. Ina kallo ya bi layin baƙin man da linzamin kwamfuta, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ya shigar da lambobin da na rubuta, sai ya ja zanen sama, abin da yake shimfiɗe ya tashi ya yi kauri. Ya ɗora murfi, ya huda rami. Cikin awa biyu ga fanka a fuskar kwamfuta, yana juya ta yadda ya ga dama, ya duba ƙasanta, ya tsaga ta biyu ya leƙa cikinta. Wallahi na sha mamaki, kuma na ji wani abu mai kama da alfahari, amma na haɗe rai na ce wa Dije kaurin gefen ya yi yawa. Ya rage.

Daga nan ya kai ta wata manhajar ta biyu, wadda ya ce ita ke shirya wa injin aiki. Tana yayyanka abu falle-falle, siriri kamar fatar albasa, ta nuna duk hanyar da bakin injin zai bi. Ya gaya mata a cika cikin fankar dam, kada a bar rami, ta kuma kakkafa wasu 'yan sanduna na tokara a ƙarƙashin murfin don kada ya rufta tun robar tana da zafi, in an gama a ɓalle su. A ƙasa ta rubuta awa biyar da 'yan mintoci ga kowace ɗaya. Da wutar da batirin solarsa zai iya ɗauka, kwana huɗu ke nan. Sai ya tsaya. Ya koma manhajar farko ya juya fankar a hankali, ya sake juya ta, ya daɗe yana kallo.

"Goggo," in ji shi, idonsa a kan kwamfuta, "a tambayar mini Baba, wannan zanen daga sama aka kalle shi ko kifa shi aka yi?"

Ina zaune kusa da shi har ina jin numfashinsa. Dije ta juyo ta maimaita mini, kamar daga wani gari ta kawo saƙon. Na ce, "Ki ce masa yadda yake a kwali haka yake."

Sai ya ce, "Goggo, akwai wani maɓalli a nan, in an danna shi abu yana birkicewa, dama ta koma hagu. Ba ya ɗaukar ko minti ɗaya. Ko da za a buƙata."

Ba zan ce na tabbata akwai kuskure ba, amma shakka ta shige ni. Na kalli fankar tana juyawa, na yi ƙoƙarin tuno ta wane ɓangare famfon yake juyawa, kaina ya ƙi ba ni. Da na ce a dakata, mu hau mota mu je Kiyawa mu duba, kafin azahar mun dawo. Amma mutanen nan biyu suna tsaye a bayana, ɗaya har yana cewa ai tsofaffin ma'aikata ba sa kuskuren awo. Yatsan yayanku yana kan linzami yana jira. Na ce, "Dije, ki ce a buga haka."

Kwana huɗun nan ban san yadda na yi su ba. Kullum da hantsi sai in sami kaina a bakin shagon, in ce wucewa nake yi. Injin yana ta kai da komo yana ɗan kuka, yana ɗora layi a kan layi, a hankali kamar mai saƙar hula. Rana ta biyu hadari ya rufe rana batir ya yi ƙasa, yayanku ya ari janareta a maƙwabta don kada aiki ya tsaya a tsakiya, don in ya tsaya fankar ta lalace, zaren kuma babu ragi. Kowace ta fito sai ya ɓalle sandunan, ya goge ta da takarda mai kaushi, ya auna, ya miƙa wa Dije ta miƙo mini. Awo daidai, ko gashi bai kuskure ba. Ina riƙe ta ina jin nauyinta, zuciyata tana ce mini je ka Kiyawa ka gwada da tsohuwar tun sauran zaren bai ƙare ba. Kullum in ce gobe. Tsoron kada in je in tarar da abin da nake tsoro shi ya zaunar da ni. Innarku ta tambaye ni ko zazzaɓi nake yi, na daka mata tsawa a banza.

Ran Alhamis muka tafi mu uku, fankokin a cikin kwalin takalmi a kan cinyar Dije. Duk rugar ta fito, mata da ƙore da jarkoki, shanun ma da aka hana fita nesa suna tsaye a bakin kwami busasshe. Hamma ya rungume yayanku yana cewa, "Yarona ya kawo mana ruwa a kwali." Aka shimfiɗa mini tabarma, Arɗo ya ɗauko tsohuwar fankar daga inda ya ɓoye ta ya ajiye a gabana. Na ɗauko sabuwa ɗaya na ajiye kusa da ita, na leƙa bakin fikafikan. Innalillahi. Na tsohuwar sun kwanta dama, na sabuwar sun kwanta hagu. Na ɗaga kai, sai muka haɗa ido da yayanku, abin da ba mu taɓa yi ba. Ya gani. Na ja tsumma na rufe tsohuwar, na ce a miƙo mini sifana.

Na ɗaura su haka nan ina addu'a a zuci, wai ko Allah zai sa su yi. Aka zura famfo, aka kunna. Muka kasa kunne a jikin bututu. An daɗe, sannan ruwa ya fito a bakin rijiyar, siriri kamar fitsarin ɗan akuya, ko rabin hanyar tanki bai iya hawa ba. Na sauya wayoyin motar famfon don ta juya ta ɗaya ɓangaren, duk da na san gidajen da fankokin ke zama a ciki an ƙera su ne don juyin farko. Bai ƙara komai ba. Matan suka fara ɗaukar ƙorensu. Wani dattijo ya ce da ma ya faɗa, abin da aka yi da zare ba zai ja ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ba. Sai yayanku ya matsa gaban Hamma ya durƙusa.

"Baffa, kuskurena ne. Ban duba da kyau ba. A ba ni mako ɗaya, zan sa a aiko wani zaren in sake."

Hamma ya dafa masa kai ya ce, "Tashi, ka yi iya yinka." Ni kuwa ina durƙushe ina goge sifana da ta riga ta gogu. Dije ta zuba mini ido.

Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a na koma rugar ni kaɗai. An fara kwance bukkoki, ana ɗaure kaya a kan jakuna. Hamma ya ja ni ƙarƙashin tsamiya, nesa da mutane, muka zauna a kan saiwa. Ya yi tari ya huta, sannan ya ce:

"Yaron nan ya ce in ba shi mako ɗaya. Shi yaro ne, yana so na, zai faɗi abin da zai riƙe ni. Kai ne ka san famfo. In na bar ayari ya tafi, ruwan kuma bai zo ba, na kashe garken da mahaifinmu ya bar mana. In ka ce mini zai yi, zan ci gaba da sayen na kura in jira. Gaya mini tsakaninka da Allah, robar nan za ta iya, ko ba za ta iya ba?"

'Ya'yana, ku karanta nan da kyau. Na san amsar. Na san robar lafiyarta ƙalau, na san awo daidai yake, na san maɓalli ɗaya ne tsakaninmu da ruwa. Amma ba yadda zan ce masa za ta yi ba tare da na gaya masa dalilin da ya hana ta yi jiya ba. Sai in ce ni, ƙaninsa da aka tura boko aka bar shi da sanda, ni da ake kira Injiniya, na buga zane a juye, aka tambaye ni sau biyu na ƙi ji, sannan na bar ɗana ya durƙusa a gaban jama'a ya ɗauki laifin. Ya jira ni, bai matsa mini ba, yana wasa da sandarsa a ƙasa.

Na ce, "Hamma, abin zamani ne. Allah ne masani."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, na ji." Ya dafa kafaɗata ya miƙe.

Da safiyar Asabar suka tashi. Na raka su har bakin titi, ina tafe kusa da shi ina cewa a raina yanzu zan faɗa, in mun kai waccan bishiyar zan faɗa. Muka wuce bishiyar. Ya ce in koma haka nan, rana ta fara zafi.

Zaren ya iso ran Litinin. Yayanku bai aiko an tambaye ni komai ba, Dije ce ta gaya mini ya buɗe zanen, ya danna maɓallin, ya mayar da shi manhajar yanka, ya kunna inji. Ran Juma'a ya je shi da wani makanike suka ɗaura, ni na ce ƙafata tana ciwo. Kafin la'asar tanki ya cika yana ambaliya, kwami ya cika, ruwa yana bin ƙasa har gindin tsamiya, babu mai sha sai awakin gidaje uku da suka rage. Fankokin nan sun yi shekara huɗu suna aiki kafin a sake su. Amma a bakin mutane labarin farko ne ya zauna, cewa injin ɗan boko ya yaudari Baffa ya ɓata masa kwanaki. Kun ji ana tsokanar yayanku da shi a gidan biki, kun ga yana murmushi. Ko sau ɗaya bai gyara wa kowa ba. Dije ta yi wata biyu ba ta kawo mini abinci da hannunta, daga baya ta ce mini tsakanina da Allah ne, ita ba za ta tona yayanta ba.

Na kira Hamma a waya na ce ruwa ya zo. Ya ce alhamdu lillahi, amma sun riga sun ƙetare kogi, shanu sun sami ciyawa, sai damina. Damina ta zo gwiwar ta ƙi, 'ya'yansa kuma sun ga wurin ya karɓe su. Ta biyu ma haka. Kullum muka yi waya sai gaisuwa da labarin shanu, kullum in ce ba maganar waya ba ce, sai ya dawo mu zauna. A shekara ta uku, wata Laraba da rana, ɗansa ya kira ya ce Baffa yana son magana da ni. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai na toshe ɗaya kunnen nake ji. Ya yi mini wasiyya a kan 'yan abubuwa, ya ce in yafe masa, na ce babu komai tsakaninmu. Sai ya ce:

"Yarona fa. Na san abin famfon nan yana cinsa, ko a waya ina ji a muryarsa. Ka gaya masa da bakinka, ban da aike, ka ce ban riƙe shi da komai ba. Kowa yana kuskure. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Hamma." Na buɗe baki in ƙara, wallahi na buɗe, sai na ji ɗansa yana cewa ya gaji, a bar shi ya huta. Kwana biyu bayan nan ya rasu. A can aka binne shi, a garin da har yau ban taka ba.

Shekara biyar ke nan saƙon yana hannuna. Ban isar ba, don ban san da wace fuska zan kai wa mutum yafiyar laifin da ni na yi ba. Yanzu ido ya fara gajiya, ba na so in tafi da amanar mamaci. Don haka ku ƙannensa, duk wanda littafin nan ya fara shiga hannunsa ya kai masa ya buɗe masa wannan shafin, kuma daga yau kada in sake jin wani ya tsokane shi da maganar famfo. Kai kuma, babba, da kai nake, ba ta bakin Goggonka ba. Baffanka ya ce bai riƙe ka da komai ba. Ga saƙonsa na isar. Ka karɓa don nasa ne, amma ni da kai mun san wanda ya kamata ya roƙa, kuma ya bari har mai yafewar ya tafi. Saura kai. Ka yafe mini.